Babur Mai Ƙafa Huɗu: Yadda Za Ka Yi In Ya Rikice Maka A Gona Ko A Daji

Duk wanda ya fara ganin mashin ɗin nan mai ƙafa huɗu, wanda yara ke ce ma kwad, abu ɗaya yake faɗi, wai ai wannan ba ya faɗuwa. Ni ma haka na ce ranar da aka sauke mana namu, na hannu ne ɗan Kwatano, muka saye shi don zirga-zirgan gona can gaba da Shika, saboda in damina ta zauna mota ba ta shiga, mai ƙafa biyu kuma ba ya ɗaukan kayan da muke so. To ba ya faɗuwa kam, kifewa yake yi, kuma in zai kife da kai yake kifewa. Na aikin gona ɗin nan da yawansu sun kai kilo 250 zuwa 300, wasu sun fi, kwatanta buhun taki biyar ko shida a ƙirjinka lokaci ɗaya.

Asalinsa ma ƙafa uku ne, Honda suka fito da shi a 1970, sai Suzuki suka kawo mai huɗu a farkon shekarun 1980, kuma a 1988 aka daina sai da sabbin masu ƙafa ukun a Amurka saboda yawan kifewa da mutane. Ƙarin ƙafa ɗayan ya rage matsalan amma bai kashe ta ba, shi ya sa a Ostareliya tun 2021 dole sabon kwad na aiki ya zo da wani ƙarfe a tsaye a bayansa, wanda in ya kife zai tokare ƙasa ya bar ma mutum wajen numfashi. Mu namu na nan kusan duk tsirara suke zuwa.

Babban abin da nake so ya zauna maka kafin mu shiga mataki-mataki shi ne, mu mutanen Zariya a kan mai ƙafa biyu muka taso, daga Jincheng zuwa Bajaj, jikinmu ya riga ya haddace abin da zai yi in an shiga uku, sauke ƙafa, taka birkin baya, rungume mashin kar ya faɗi ya lalace. Waɗannan ukun a kan kwad su ne suke karya mutum.

Tun kafin ka tada shi

Minti biyar ne. Ka fara da taya, don nan ake yawan cutanmu ba da gangan ba. Tayan kwad iska kaɗan yake sha, yawanci tsakanin PSI 3 zuwa 7 a gejin auna iskan taya, ainihin lambar tana rubuce a jikin mashin ɗin, amma ka kai ma mai faci bai sani ba sai ya ɗura mai irin na mota har ya yi tauri kamar dutse, daga nan mashin ya dinga tsalle yana zillo a kan burji, kai kana ta zargin sitiyari. Ka sayi gejin ƙaramar iska naka na kanka, na mota ba ya karanta ƙasa-ƙasa daidai, kuma ka tabbata hagu da dama sun zo ɗaya, in ba haka ba zai dinga ja gefe.

Sai totur. Na kwad ba murɗawa ake ba, da babban yatsa ake dannawa, ka danna ka saki sau uku huɗu injin na kashe, ka juya kan mashin hagu ƙarshe dama ƙarshe kana dannawa, dole ya dawo da kansa tsaf. Ka matse birkunan duka ka ji sun kama. Ka duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun hagu, ka tada ka kashe da shi ka ga yana aiki, da yawa na hannu an tsinke wayan an haɗe kai tsaye, in naka haka yake a gyara yau.

Hular kwano mai igiya a ɗaure, takalmi mai rufe idon sawu, dogon wando. Silifas a'a. Babbar riga, jallabiya mai jan ƙasa, rawani ko gyale mai lilo, duk a'a, taya ko sarƙa na kamawa. Na san zafi, na san za a ce kana ƙaƙale, sa kawai.

A akwatin mashin ko jakan baya: ruwa aƙalla lita biyu, bandeji da tsumma mai tsabta, safar hannu ta roba, igiya mai ƙarfi, ƙaramin shebur, tocila, sifanan fulogi, kayan toshe hujin taya da famfon hannu, fawabank. Sannan ka faɗa ma wani a gida inda za ka, ta wace hanya, da ƙarfe nawa za ka dawo, ka ce mai in lokaci ya wuce da awa ɗaya ya fara nema. Ba sai na yi dogon bayani a kan yanayin tsaro a dazukan wajen Giwa ba, kowa ya sani, la'asar ta yi ka kamo hanya.

Hawan tudu, inda na sha nawa

Watan Agusta ne, na ɗora buhun taki biyu a kariyan baya, kilo 100 kenan, alhali irin namu abin da aka rubuta na baya kilo 60 ne, na gaba 30. Na sani, ganin ido ne da ƙyuya, ban son sawu biyu. Akwai wani hawa da ake fitowa daga rafi, an yi ruwa da asuba ƙasan ta yi santsi, ina tsakiyan hawan inji ya shaƙe ya mutu, mashin ya fara silalowa baya, kafin in yi tunani ƙafata ta taka birkin baya da ƙarfi kamar yadda na saba tun ina ɗan sakandare. Wallahi sai gani na yi gaban mashin ya miƙe sama kamar dokin hawan Daushe. Allah ya taimake ni na faɗa gefe, shi kuma ya wuntsila sau biyu ya tsaya a cikin rafin. Da na riƙe shi da yanzu wani labarin ake.

To ga yadda ake yi. Kafin ka hau, sa giya mai ƙarfi tun daga ƙasa, lamba ɗaya ko biyu, in otomatik ne ka sa a L, kar ka canja giya a tsakiya. Ka miƙe hawan sak, ba a karkace ba, ka matso gaba ka kwanto ƙirjinka wajen tanki, in hawan ya yi tsaye ka miƙe a kan matakan ƙafa ka rinjaya gaba. Totur a daidaice, kar ka zabure shi.

In ya mutu amma bai fara komawa baya ba: nauyinka na gaba, matse birkin gaba, ya tsaya cak sannan ka haɗa da na baya, ka sa makullin birki. Ka sauka ta gefen da ke sama, in kuma hancinsa sak yake kallon sama ka sauka ta hagu. Kar ka taɓa tsayawa a bayansa ko ta ƙasansa, ko da wasa.

In ya riga ya fara silalowa: birkin gaba kawai, a hankali, kana kwance a gaba. Na baya haramun ne har sai ya tsaya. Kar ka ba shi wuta don ka tare shi, wannan ma ɗaga gaba yake. In naka mai jan ƙafa huɗu ne kuma yana ciki, ko kuma irin wanda hannu ɗaya ke kama duk tayoyin kamar wasu na kamfanin Polaris, to duk birkin da ka taɓa bayan ma zai ji, don haka lallaɓawa za ka yi kamar mai matsan lemon tsami a ido. Ka ji gaba ya fara ɗagawa, ko ya ƙi tsayawa? Sake shi. Ka yi tsalle gefe, wajen sama, ka yi nesa. Ƙarfe ne, akwai bakanike.

Juyo da shi kuma bayan ya tsaya, kana tsaye ta hagunsa, ka murɗe kan zuwa hagu har ƙarshe, ka riƙe birki da hannu, ka cire makullin birkin, ka dinga saki kaɗan-kaɗan yana komawa baya, za ka ga hancin na juyawa dama har ya gicciye tudun ko ya ɗan kalli ƙasa, kai kuma kana ta sama da shi. Ka kulle birki, ka hau ta gefen sama, nauyinka a can, ka tada, ka gangaro a hankali. In akwai kaya a baya ka sauke su tukuna. In kai kaɗai ne kuma ka ga wajen ya fi ƙarfinka, sa dutse a bayan taya ka je ka nemo mutane, ba abin kunya ba ne.

Gangara, gicciye da kwana

Gangara akasin hawa ce, ka ja ɗuwawunka baya, hannu a miƙe, giya mai ƙarfi inji ya riƙe maka, ba a sa firi a gangara don tsimin mai, wannan ɗabi'an 'yan acaɓa ka bar ta a kwalta. Birki a hankali, ka danƙe na gaba da ƙarfi bayan ya taso ya bi ta kanka.

Gicciye tudu, wato bin gefensa, shi ne mafi muni, in da hali ka kauce. In ba hali, duk jikinka ya rinjaya wajen sama. Ka ji tayoyin sama sun fara ɗagawa, karya kan zuwa ƙasa in hanya a buɗe take, in ba a buɗe ba ka fice ta sama. Kuma ba sai babban tudu kamar Kufena ba, gefen kwazazzabo, bakin lambatu, suri da ciyawa ta rufe, kututture, ko tsallaka kunya a karkace, taya ɗaya ya hau ɗaya ya faɗa, shikenan. Masu ɗora tankin feshi ku fi kowa kula, ruwan da ya yi rabi a tanki kai-komo yake, kana karkata shi ma ya kwararo can ya ƙarasa ka.

A kwana, mai ƙafa biyu kwanciya yake da kai, shi wannan ba ya kwanciya, so yake ya jefa ka waje. Ka rage gudu tun kafin kwanan, ka rinjaya jikinka ciki. In tayan ciki ya ɗaga, saki totur a hankali, ƙara rinjaya ciki, ka buɗe kwanan. Kuma ƙafa ta zauna a kan mataki. Ka sauke ta tayan baya ya kama ya ja ka ƙarƙashi, karayan ƙwauri da yawa daga nan ne.

Dalilin da ya sa nake faɗa da masu hawa da shi kwalta daga PZ zuwa Kwangila suna burga, da yawan kwad ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin baya, tare suke juyawa, a ƙasa ɗaya yana ɗan zamewa sai kwana ta yiwu, a kwalta kuwa duk biyun sun kama, ba mai zamewa, sai mashin ya ɗaga.

In baya ya zame a taɓo ko tsakuwa, saki totur, juya kan zuwa inda bayan ke tafiya, kar ka taɓa birki sai ya miƙe.

Totur ya maƙale, ko birki ya ƙi

Jan maɓalli. Ba makulli ba, don kafin ka saki hannu ka lalubo makulli ka shiga gonan mutane. Babban yatsan hagu ya kashe inji, hannu biyu na kan mashin, birki duka a hankali, in mai kuloci ne ka matse kulocin. Ya tsaya kar ka sake tada shi sai an ga dalili, yawanci ƙura ce ko tsatsa ko wayan totur ta tsattsage a ciki, lokacin hunturu abin ya fi yawa.

Birki ya tafi, saki totur, gwada ɗayan don na gaba da na baya hanyansu daban a yawanci, in na mai ne ka yi ta famfo, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi abin da zai sha gudun, yashi, hawa, gona da aka yi huɗa in ka shige ta a miƙe. Gara ka biya kuɗin masaran wani da ka haɗu da bishiyan ɗorawa.

Taya ya sace a guje, riƙe kan da kyau, saki totur ya rage da kansa, kar ka danƙe birki.

Ruwa da taɓo

Wanda ya san Galma ko Kubanni a watan Agusta ya san rafin da ka tsallaka da safe a idon sawu, da yamma zai iya cin mutum, ruwan ma ba sai a kanka aka yi ba. Ka sauka ka shiga da sanda ka auna. Ya wuce matakan ƙafa, ko yana gudu da ƙarfi, ka haƙura, tayoyin nan masu faɗi iska ce a ciki, suna iya sa mashin ya taso ruwa ya ɗauke ku tare. In za ka shiga, giya mai ƙarfi, tafiya ɗaya ba tsayawa, ka fita ka dinga ɗan matsa birki kana tafiya har ya bushe.

In ya mutu a cikin ruwa, don Allah kar ka danna sitata. Ruwa in ya shiga silinda ba ya matsuwa, ka tada ka lanƙwasa ƙarfen fistin, gyaran dubu kaɗan ya koma na sabon inji. Ku turo shi waje, a buɗe akwatin iska a zubar da ruwa, a cire fulogi a juya inji ruwan ya feso, a duba baƙin mai, in ya koma kalan shayi da madara sai an juye. In otomatik ne akwai ɗan murfi a ƙasan gidan bel na zubar da ruwa. In kuma ruwa na ƙaruwa kana ciki, bar shi, fita.

Ya kafe a taɓo, daina ba shi wuta, rami kake haƙa ma kanka. Sauke kaya, kwashe taɓon gaban tayoyi da shebur, cusa rassa ko kara, ka gwada ribas ta inda ka shigo. In za a ja da igiya a ɗaura a jikin firam, ba a kariya ba, kowa ya kauce daga saitin igiyan.

Wuta

Da kaka da rani busasshiyar ciyawa da ganyen kara suna cushewa a jikin salansa, ka tsaya lokaci-lokaci ka zare da sanda. Ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi, tsaya a fili ba cikin harawa ba, kashe inji, rufe makunnin fetur in hannu zai kai, watsa ƙasa ko yashi. Ruwa a kan wutan fetur yaɗa ta yake. Ta kai tanki, gudu. Kuma ba a ɗura mai inji da zafi.

An riga an faɗi, yanzu fa

In kai ne, kar ka zabura ka miƙe don kar a yi maka dariya. Kwanta, yi numfashi, motsa yatsun hannu da na ƙafa. Wuya ko baya na ciwo, ko ka ji wani waje ya mutu ko yana tsittsira kamar allura, zauna yadda kake ka kira waya. Shi ya sa waya a aljihu mai zif take zama, ba a akwatin mashin da ya gangara rafi ba. In sabis ba ƙarfi tura tes, yakan fita inda kira ya ƙi, in da data ka tura lokeshan ta WhatsApp, in babu ka kwatanta da abin da mutanen wajen suka sani, sunan ƙauye, gonan wane, kusa da wace gada. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta 'yan kiyaye haɗurra 122, ka kira, amma a cikin daji gaskiya ɗan'uwanka mai a-kori-kura da mutanen ƙauyen kusa su za su riga kowa, don haka lambobinsu su zama a sama.

In wani ne ya faɗi, na farko kashe injin, ka tokare mashin kar ya ƙara gangarowa. In yana kansa a ɗaga da gaggawa, musamman in ƙirji ko ciki ya danne, don mutum na iya mutuwa ba tare da ya karye ko'ina ba, numfashi kawai ya gagara. Mashin ake ɗagawa daga kan mutum, ba mutum ake fizgowa daga ƙarƙashi ba. Kai kaɗai ne, nemi gungume ko ƙarfe ka yi bankara ka cusa dutse.

Na biyu, yi mai magana. Malam kana ji na? Ya sunanka? Ya amsa, to yana numfashi. Mutum ɗaya ya durƙusa ta kansa ya riƙe kan da hannu biyu kar ya motsa. A nan ne za ka yi fama da jama'a, don mu da an faɗi sai a taru, wannan ya ɗaga shi zaune, wannan ya ja hannu wai ya gyara targaɗe, wannan ya cire hula, wani ya kawo ruwa ya ɗura mai. Duk da kyakkyawar niyya, kuma duk suna iya gurgunta shi. Ka ɗaga murya cikin ladabi, Baba don Allah a bar shi kwance, Yaya riƙe min nan. Ba kowa aiki sai su daina taɓa shi. Hular kwano a bar ta, sai in ba ya numfashi ko yana amai, nan ma mutum biyu, ɗaya na riƙe wuya ɗaya na zarewa. Ba ruwa ba abinci, zai iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata za a yi mai.

Bai amsa ba amma yana numfashi, a ci gaba da riƙe kan ana kallon ƙirjinsa, in amai ya taso a mirgina shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da baya a layi ɗaya. Ba ya numfashi sam, to maganar wuya ta koma baya, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, hannu biyu a tsakiyan ƙirji, danna ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, in ka koya ka hura sau 2 bayan kowane 30, in ba ka koya ba yi ta dannawa kawai kuna karɓeɓeniya.

Na uku, jini. Tsumma mai tsabta, danna da ƙarfi a kan ciwon, kar ka dinga ɗagawa kana leƙe, ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Ba ƙasa, ba toka, ba baƙin mai, ba fetur, ba garin batir. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da ciwon da kamar yatsu uku huɗu, ba a kan gaɓa ba, da ƙyalle mai faɗi, ka sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka rubuta lokacin, kar a kwance sai a asibiti. Wani abu ya soke ya zauna a jiki, kar a zare.

Karaya, a ɗaure yadda aka same ta, katako ko kara mai kauri gefe da gefe, ya wuce gaɓan sama da na ƙasa. Ba na raina masu ɗori, kakana ma ya yi, amma karayan da ƙashi ya huda fata, ko ta cinya, ƙugu, baya, ko wadda ƙafan ta yi sanyi ta canja kala, asibiti tukuna a ɗau hoto. Ɗauri mai tsanani a kan kumburi shi ke kashe hannun yara har a yanke.

Ƙunan salansa, ruwa mai sanyi na zuba a kai minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja. A rufe da abu mai tsabta. In maganin feshi ya zube ma mutum, a cire kayan, a wanke da ruwa da sabulu sosai, a tafi asibiti da robar maganin a hannu, kar a ba shi madara ko manja wai ya yi amai. In garin faɗuwa cikin ciyawa maciji ya sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗauri, a hana wajen motsi a tafi asibiti, kububuwa jini take tsinkawa kuma allura ce maganinta.

Ɗaukan mara lafiya kuma, abin nan da muke yi na sa shi a tsakiyan mutum biyu a kan babur kai na lilo, in akwai zargin wuya ko baya kar a yi. A nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a kai, a tokare kan da tsumma gefe da gefe, a ɗaure, a sa a bayan a-kori-kura, direba ya bi a hankali. Buguwan kai, baya, ƙirji ko ciki, ku miƙe Asibitin Koyarwa na Shika in shi ne za ku iya kaiwa, kar a ɓata awa biyu a kemis. In kuna ta cikin birni akwai Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai na Wusasa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai neman taimakon gaggawa, amma dai wani ya biyo ku da kuɗi da 'yan'uwa masu iya ba da jini.

Wanda ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiyata lau, shi ma a sa mai ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, surutai, jijjiga, jini ko ruwa ta kunne ko hanci, ciki ya kumbura ko ya yi tauri, fitsarin jini, jiri da zufa mai sanyi, ko ɗaya aka gani a tafi a daren. Ciwon da ƙasan gona ta shiga a tambayi allurar tetanus.

In mashin ne kawai ya mutu kai lafiyanka ƙalau, a watan Maris ko Afrilu da tsakar rana, kar ka ce za ka tura shi. Inuwa, ruwa kaɗan-kaɗan, kira gida. Wanda zafi ya kayar har ya rikice a jiƙa shi a yi mai fifita a kai asibiti.

Goyo da yara

Doguwar kujeran nan ba ta mutum biyu ba ce, an yi ta ne don kai ka matsa gaba ka matsa baya, duk abin da na lissafa a sama da wannan motsin ake yi, ka goya mutum ka kashe motsin nan, ka kuma ƙara nauyi a baya. Sai in an rubuta na mutum biyu ne. Yaron da bai kai 16 ba ba ya hawa na manya, haka masu ƙera shi suka rubuta a jiki, ko da ya iya Bajaj, jikinsa bai da nauyin da zai rinjayi mashin. Ranar Sallah da za a cika gida da yara ana Kawu ɗana mu, ni makullin a aljihuna yake kwana, an ce min mugu ya fi sau goma.

Bayan kowace kifewa kuma, hular da ta bugu a canja ko ba ta fashe ba, mashin a bar shi tsaye ya ɗan jima mai ya koma mazauninsa kafin a tada, a duba kan ko ya karkace, totur, birki, ƙarafan sitiyari da yoyon fetur. Ni tun ranar rafin nan, duk wanda zai hau namu, ƙanena ne ko ɗan aiki, sai mun je wani ɗan tudu a bayan gona, ba kaya, in sa shi ya hau rabi in ce kashe, ya kama birkin gaba, ya sauka ta hagu, ya juyo da shi. Sau goma. Sannan in tsaya a gefe in yi ihu ba zato, in ga ko yatsansa zai je kan jan maɓallin ba tare da ya duba ba. Ƙanena sai a rana ta uku ƙafansa ta daina neman birkin baya, ranar na ba shi makulli.